Armuwar ɗin da ta hau soro

A da, baƙon da ya shigo layinmu na Zango da hantsi ba ya tambayar inda shagon babanmu yake, ƙarar guduma ce ke jan sa har bakin ƙofa. Tun safe ake bugu har la'asar, matan maƙwabta sun saba da shi, in shago ya yi shiru sai su aiko a ji ko lafiya. Yanzu wanda ya zo, ko dai ya ji kukan mashin, ko ya ji tsit ya gane an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ya tarar da ma'aikata zaune bisa falankai kowa na duban wayarsa. Ku a cikin wannan zamanin na biyu kuka buɗe ido. Kun kuma taso kuna jin ana cewa ni na fitar da yayana, Baffanku Mustafa, daga shagon ubanmu, wasu su ce faɗa muka yi, wasu su ce wajen rabon abin da Baba ya bari ne. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, don shi bai so a yi maganar yana raye ba. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara ƙin tsayuwa, gara ku ji daga bakina.

Na bar Damagaram ina saurayi, da Hausa da Barbarcin da na tsinta a ɗakin kakarmu, da ɗan Faransancin da na koya a lakwal, makarantar boko. Na yi Kwatano, na daɗe a Abijan har Julanci ya zauna a bakina, daga baya na haura Libiya, na yi Sabha da Tarabulus. Duk inda na je aikin katako na yi, kuma duk inda na je abin da idona ke fara nema shi ne yadda mutanen wurin ke haɗa katako da katako. A bakin teku ƙusa ba ta da daraja, iska mai gishiri ce ke cin ta, bayan damina biyu sai ka ga baƙin hawaye na zubowa daga kanta a jikin kaya. Shi ya sa a babban atalye, wato shagon kafintoci, da na yi aiki a Abijan ba a bari ka taɓa guduma sai da dalili. A can na fara riƙe mashin ɗin da ya zame mini abin alfahari, ya kuma zame mini abin da ke hana ni sukuni. Ba wani ƙaton abu ba ne, da hannu biyu ake riƙe shi. A bakinsa akwai haƙoran ƙarfe biyu masu juyawa, ka jingina shi ga gefen katako ka tura, su huda ramuka biyu lokaci guda, zurfinsu ɗaya. Ka yi wa ɗaya katakon haka, ka ɗiga kol, gam ɗin liƙa katako, a ramukan, ka cusa ƴan guntayen itace masu kaurin ƙaramin yatsa, waɗanda Faransawa ke kira turiyo, mu kuma a nan muka sa musu suna ƙusar itace. Sai ka haɗa, ka matse da ƙarafan matsi har kol ya bushe. In an gama, ko ka shafa da tafin hannu ba za ka ji inda aka riƙe ba. Da na tashi dawowa gida gaba ɗaya, wasu sun zo da rediyo da barguna, ni mashin ɗin nan na naɗe cikin rigunana, da gwangwani cike da ƙusoshin itace.

Na tarar Baba ya rasu da daɗewa, Yaya Mustafa ke riƙe da shago, yana aiki yadda Baba ya koya mana. Kafin ya buga kowace ƙusa sai ya juya ta, ya ɗan daki bakinta da guduma ya dakushe shi, don kada ta tsage katako. Babu wani kafinta a Zango da na taɓa ganin yana yin haka sai gidanmu. Kayan amarya kuwa gefe-gefe suke fita daga shago, a ɗora a amalanke, a je ɗakin da za a yi jere, a can a tada su a buga. Haka ake yi tun kafin a haife ni, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili.

Ranar da na kwance mashin a gabansa, Yaya ya juya shi, ya leƙa haƙoran, ya ɗauki ƙusar itace ɗaya ya sansana.

"Bukar, wannan ɗan tsinken ne zai riƙe armuwar?"

"Shi ne, Yaya. A Abijan shi ke riƙe kayan manyan otel."

"A Abijan katako daga iska yake shan ruwa. Nan in bazara ta zo, tsotse shi take yi har ya yi kuka."

"Ai na yi aiki da shi a Sabha, can ta fi nan bushewa."

Ya gyaɗa kai. Gaskiya na faɗa masa, amma ba dukanta ba. A Sabha allunan garin katako ne da ake matsewa a masana'anta muke haɗawa, waɗanda ba ruwansu da rani ko damina. Katako na gaske, wanda ya taso daga dajin kudu da danshinsa ya zo ya gamu da ranar Damagaram, ban taɓa ganin yadda yake yi da ƙusar itace ba. Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

A wannan shekarar aka sa ranar Falmata, ƴar farin Yaya, bayan kaka. Kun san al'ada, uba ba ya shiga gaba a auren ƴarsa, balle ta fari wadda ko sunanta ba ya kamawa. Ni ƙanensa ne waliyyi, ni ke karɓar baƙi, ni ake tambaya. Na ce masa kayan ɗakin ma a bar mini, zan yi wa yarinyar armuwar, wato babban akwatin tufafi na tsaye, mai ƙofa uku da madubi, wadda ba a taɓa ganin irinta a Birni ba, ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Na zaci zai hana, sai ya ce in yi abin da na ga ya dace. Washegari na tarar ya ja teburinsa can ƙarshen shago, ya bar mini gefen da wayar kuran take.

Gidan mijin yana cikin Birni, tsohuwar unguwar garin nan, tsohon gidan fatake ne, uban yaron kuma Alhaji Sani, dattijo mai kame kai. Babu namijin da zai taka gidan surukai daga wajenmu kafin jere, kunya ta hana. Saboda haka Gwaggo Yagana, ƙanwar babanmu, ita ta je da mata suka auno ɗakin. Ba su san metir ba, da igiya suke awo, kowane awo a yi masa ƙulli. Ta dawo ta shimfiɗa mini igiyar a ƙasa.

"Wannan ƙullin tsawon bango. Wannan daga ƙasa zuwa rufi. Wannan ƙofa."

"Gwaggo, ƙofar tana da faɗi dai?"

"Sabon ɗaki ne na siminti, ƙofar ƙarfe mai murfi biyu. Raƙumi ma zai shiga, Musye Abijan."

Haka take kirana tun da na dawo. Na auna igiyar da metir, na ga ƙofar ta wadata, na fara aiki.

Daminar nan ban san daɗin barci ba. Katakon da na samu ya zo ta Kano da sauran danshi, na jera shi a inuwa ina juya shi kamar mai shanya kilishi, kullum in ƙwanƙwasa in saurara ko ya bushe. Kuran kuma ba shi da alkawari. Sai na saita mashin, na huda ramukan gefe ɗaya, kafin in juya katako an ɗauke, in zauna da mashin a cinya ina jin gudumar Yaya tana ta aikinta a kan ƙofofi da bencina. Bai taɓa ce mini komai ba, shirun nan ya fi yi mini nauyi. In rami ɗaya ya kauce da kaurin farce, gefen duka ba zai zauna ba, kuma ƙusoshin da ke cikin gwangwanina in sun ƙare babu inda ake sayar da su a garin nan. Kowace na ɗauka sai na dubi abin da ya rage. Da ramuka suka kammala, na yanke shawara a shago zan haɗa ta gaba ɗaya. Kol yana son ƙasa mai daidai da ƙarafan matsi da wurin da ba wanda zai taɓa, ɗakin jere kuwa cike yake da mata da yara da kwanuka. Na haɗa, na matse, na hana kowa jingina da ita. Da na kwance ƙarafan ta tsaya cak, na girgiza ta da ƙarfina ba ta motsa ba. Amma kullum da safe kafin in gaisa da kowa sai na bi kusurwoyin da yatsa, ina neman inda ya buɗe.

Gwaggo ta zo gani. Ta zagaya ta, ta buɗe ƙofofi, ta shafa gefe, ta sake shafawa.

"Ina ƙusoshin?"

"Babu, Gwaggo."

"To da me ka riƙe ta, da Faransanci?"

Ma'aikata suka fashe da dariya. Ta juya wajen Yaya.

"Mustafa, kana tsaye za a kai maka ƴa gidan mutane da kayan da aka liƙe da miyau?"

"Gwaggo, aikin waliyyi ne, ba ni da baki," in ji shi.

Ana saura kwanaki kaɗan na tafi Mirriya da Hamdara kai wa dangi goron gayyata, na kwana a can. Da na dawo na ji ƙanshin sabon barnis, man shafe katako, a shago. Yaya ya ce hannunsa ne ya yi ƙaiƙayi, ya ƙara mata shafi ɗaya ciki da ƙasa. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka ya fara yarda da ita ke nan.

Ranar jere muka ɗora ta a amalanke, muka lulluɓe da barguna, muka nufi Birni, mata na biye da kwalla da katifa. Sai da muka shiga lungunan nan masu murɗewa tsakanin duwatsu gabana ya fara faɗuwa, ban san dalili ba tukuna. Da muka tsaya a ƙofar gidan Alhaji Sani na ga zauren, nan na gane. Tsohon zaure ne na ƙasa mai zane a goshi. Ka shiga ƙofa sai bango ya tare ka, ka karya hagu ka faɗa wani ƙaramin zaure, ka sake karyawa kafin ka ga tsakar gida. An gina shi ne don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida, kuma duk tsoffin gidajen Birni haka suke. Matan sun auna ɗaki sun auna ƙofarsa, ba wadda ta auna zaure, don ba a taɓa auna zaure a garin nan ba. Abin da ke shigowa gefe-gefe ba ruwansa da kwana. Ni kuma da na san kayana a haɗe za su zo, na daɗe ina kai kaya gidajen da ƙofarsu ke kallon titi, zaure ya fita daga kaina.

Muka gwada ta a tsaye, kanta ya daki saman ƙofa. Muka kwantar da ita, rabi ya shiga, ta tokare da bango ta ƙi juyawa. Muka fito da ita, muka cire ƙofofinta da madubi, muka sake, duk ɗaya. Rana ta ɗaga, lungu ya cika. Matan gidan ango suna leƙowa, namu sun tsaya da kaya a ka, ba wadda za ta fara jere sai armuwar ta zauna, don a jikinta ake daidaita sauran. Wani saurayi daga dangin ango ya ce a kwance ta mana a haɗa a ciki, ai haka ake yi. Na ce ba ta kwantuwa.

"Kamar yaya ba ta kwantuwa? Ba kafinta ya yi ta ba?"

Wani ya ce a kawo zarto a raba ta biyu a buga a ciki. Wani ya ce a ɗan sassaƙe bangon zaure, daga baya a yaɓe. Alhaji Sani yana zaune a dakali da carbi, sai a lokacin ya yi magana, a hankali.

"Malam Bukar, kakana ya gina zauren nan. Gawarsa ta nan ta fita, ta mahaifina ma haka. Ba zan sa masa gatari saboda akwatin tufafi ba, ka yi haƙuri."

Na ce ya yi gaskiya. Abin da ke gabana a fili yake, ko in sa zarto a aikina a gaban dangi biyu, Falmata ta shiga gidan miji da armuwar mai faci, a riƙa nuna ta ana ba da labari muddin tana gidan, ko in mayar da ita shago a yi jere da bango tsirara. Na ɗaga kai na dubi soron zauren, na dubi tsawonsa, na ce ko a ɗaga ta ta sama.

Gwaggo ta sauke kwallar da ke kanta.

"Ta ina? Kayan amarya ta ƙofa suke shiga. Mai tsallaka katanga sunansa daban a garin nan, kada ka ja wa yarinya baki."

Ana cikin haka na ga mutane na darewa. Yaya ne, da rigar aikinsa, da igiyoyin rijiya a kafaɗa, bayansa ana ɗauke da dogayen falankai biyu. Wani ya kai masa labari. Ku da ba ku san zamanin ba ba za ku gane girman abin ba, uban amarya a ƙofar surukai ranar jere. Matan ango suka rufe baki da mayafi. Ya durƙusa ya gai da Alhaji Sani kansa a ƙasa, ya nemi izinin hawa soro. Sannan ya juya wajen Gwaggo.

"Gwaggo, yarinyar ta ƙofa za ta shiga, da ƙafar dama. Wannan katako ne. In an yi magana a ce ni na sa."

Alhaji ya ce soron ya sha damina, a bi shi a hankali. Aka aika gidajen da ke kewaye aka yi sallama, ana cewa za a hau sama, mata su shiga ɗaki. Muka jira har aka ce an shiga. Yaya ya jingina falankan daga ƙasa zuwa bakin soro, ya shimfiɗa buhuna inda igiya za ta goga don kada ta ci ƙasar bango, ya ɗaure armuwar ɗin da kansa. Da ya zo ƙullin ƙarshe ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Za ta ɗauka?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To, bisimilla."

Na ga ana ɗaga kaya da inji zuwa bene na bakwai a Tarabulus, ban ji komai ba. Wannan ɗan soron da bai fi tsayin mutum biyu ba shi ya kusa tsayar mini da zuciya. An yi armuwar don ta tsaya da ƙafafunta, nauyinta ya sauka ƙasa. A rataye kuwa, igiya na matse ta a ciki, tana karkata, duk nauyin yana komawa kan kusurwoyi, wato kan ƴan guntayen itacen nan da na zo da su cikin gwangwani. Maza suna sama suna ja, Yaya a gabansu yana ba da murya, ni ina ƙasa na tallafe da kafaɗa har ta fi ƙarfin hannuna, na tsaya ina kallo. In ta buɗe, a kan mutane za ta zubo. Ta kai bakin soro, aka zo karkato ta, sai muka ji ƙas, ƙara guda mai kaifi. Wata mata ta ce innalillahi. Na kafa ido a kusurwar sama ina jiran in ga haske ya ɓullo tsakanin katako da katako.

"Ku ja! Kada wanda ya saki!" in ji Yaya.

Suka ja, ta kwanta bisa soro a haɗe. Na ruga ta zaure na shiga tsakar gida, muka mayar da falankan ta ciki, aka zuro ta sannu a hankali har ƙafafunta suka taɓa ƙasa. Na bi kusurwoyin da yatsa, ban ji inda ya buɗe ba. Ta ƙofar ƙarfen kuwa ta shige kamar yadda Gwaggo ta faɗa. Guɗa ta tashi, Gwaggon ce ma ta fara. Kafin in fito neman Yaya ya sauka ta waje ya tafi, bai tsaya shan ruwa ba.

Kafin a gama biki labari ya zaga gari, an ce Bukar na Abijan ya yi armuwar ba ƙusa, ta hau soro ta sauka ko gezau. Bazara ta zo ta wuce, ina aika matata ta dubo mini ita da sunan gaisuwa, kullum ta dawo ta ce tana nan. Iyayen amare suka fara zuwa shago, su gai da Yaya, su wuce shi su zo wajena, su ce irin ta Falmata suke so, mai hawa soro. Na koyi haɗa manyan kaya gida biyu ko uku yadda za su bi kwana, na kuma karya kunya, kowane gida ni ke zuwa da metir in fara da zaure. Na sayi gurup, injin ba da wuta, saboda ɗaukewar kuran, na sa aka riƙa kawo mini ƙusoshin itace daga Kwatano. Ma'aikatan Yaya ɗaya bayan ɗaya suka dawo gefena, don nan aiki yake. Sau ɗaya Yaya ya ɗauki mashin ya gwada, ya tura da ƙarfin mai guduma, haƙori ya ɓullo ta fuskar katako. Ya yi dariya ya ajiye, bai sake taɓawa ba. Da damina ta kewayo ya tafi gonar dangin innarmu a Hamdara, kamar yadda yakan yi wasu shekarun, sai dai wannan karon an yi girbi bai dawo ba. Na bi shi na roƙe shi. Ya ce aikin da ake nema yanzu nawa ne, shi kuma gero na sonsa. Ba mu ɗaga wa juna murya ba, a ranar ko a wata rana.

Shekaru suka wuce, Falmata da mijinta suka tashi daga Birni. Lokacin Alhaji Sani ya rasu, magada sun fasa ƙofar mota a bangon baya, ta nan armuwar ɗin ta fito. Aka kawo mini ita don gara ta taɓa ƙafa ɗaya. Muka kifa ta, ina kankare tsohon barnis, sai na ga wani ɗan tabo zagayayye a kusurwa, garin katako ne da aka kwaɓa da kol aka toshe rami. Na tona da bakin kurfi, na ji ƙarfe. Na jawo, doguwar ƙusa ce, an buga ta a karkace yadda za ta kama katako biyu. Na juya bakinta, a dakushe yake. Na duba sauran kusurwoyin, sama da ƙasa, kowace da nata, an toshe an shafe. A kusurwar sama ta dama, wajen da aka ji ƙarar nan, kol ya saki, ƙusar itace ɗaya ta karye a cikin raminta. Ko ranar soro ta karye, ko bazarar shekaru ce ta yi aikinta, babu yadda zan sani.

Na sa ƙusar a aljihu na shiga motar Mirriya, daga can na wuce Hamdara. Na same shi a gindin gawo yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan mun gaisa na ajiye masa ita a tabarma. Ya ɗauka ya dubi bakinta, ya yi murmushi.

"Gara ce ta tona ni?"

"Yaya, ranar da na je kai goro ne?"

"Ranar ce."

"Ba ka yarda da aikina ba ke nan."

"Aikinka ya yi kyau, Bukar, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma yarinyar tawa ce. Na kasa barci."

"To me ya sa da gari ya ɗauka ana cewa ba ƙusa, ba ka ce komai ba? Kana gani aiki na barin hannunka saboda wannan maganar."

"In ce me? In tara surukai in ce ƙanena waliyyi ya faɗi abin da ba haka ba? Kai ma ba ka sani ba."

Na tambaye shi, a ganinsa, wanne ne ya riƙe ta a kan soro, nasa ko nawa. Ya juya ƙusar a yatsunsa ya ce shi ma tun ranar yake wannan tunanin, bai samu amsa ba. Ya ce kada in faɗa wa kowa, mutane sun riga sun saba da sabon aiki, kayan da nake yi kuma suna zaune lafiya a ɗakunan mutane, tona maganar ba zai mayar da komai ba. Na ce ya dawo shago ko zama ne ya riƙa yi. Ya ce kunnensa ba ya jure kukan mashin. Muka ci tuwo, ya raka ni bakin hanya.

Ƙusar tana cikin gwangwanin da na zo da shi daga Abijan, a saman kantar shago, wanda ya so ya je ya gani. Mashin ɗin farko ya mutu tuntuni, waɗanda ke shago yanzu sun fi shi sauri, aikinsu kuma yana riƙewa, ban taɓa samun wanda ya dawo mini da kaya a warwatse ba. Duk da haka har yau in aka ɗora babbar armuwar a mota sai na bi kusurwoyinta da yatsa. Sunan da kuke ci da shi a garin nan an gina shi ne a kan armuwar da ba ta da ƙusa, alhali tana da su, kuma Baffanku ne ya buga su. Daga wannan shekarar guduma ta daina kiran mutane zuwa shagon babanmu, yayana kuma bai sake tsayawa a bakin teburinsa ba har ya bar duniya.